Motar da Ta Ƙi Shiga Rumfa

Wani makiyayi ne ya fara ganin motar, da hantsin ranar Litinin, kwance da gefenta cikin kwazazzabo a hanyar Say, kilomita goma sha biyu daga unguwar Kirkissoye ta Yamai. Kafin Ajidan Mu'azu Bawa, jami'in jandarma, ya iso daga birgad, wato ofishinsu, mutanen ƙauye sun riga sun jawo direban sun lulluɓe shi da tabarma. Sunansa Issoufou. Shekara talatin da huɗu, mata ɗaya, ƴaƴa uku.

Ba a ruwa, amma sama a haɗe take tun asuba. Motar kat-kat ce fara, irin wadda aka ɗaga sama don hanyar daji, da shimfiɗar ƙarfe ta ɗaukar kaya a rufinta. Kayan sun watse: batura takwas, fanon sola masu ɗaukar hasken rana, bututai, buhunan siminti da suka fashe. Mu'azu ya bi sawun taya da ƙafa. Babu alamar gudu, babu alamar an danna birki. Kwana ce mai sauƙi, wadda kamyo, babbar motar kaya, ke sha kullum da lodin itace. Motar ta shigo kwanar, ta karkata, ba ta miƙe ba.

Taku ashirin daga motar ya tsinci rasor ɗaya cikin laka, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da jikin mota a saman tayar baya. Rawaya ne, kamar jiya aka fito da shi daga kwali. Ya goge lakar ya sa farce. Fentin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Ƙarƙashinsa baƙi ne, da tsatsa.

Yana riƙe da shi mai motar ya iso a bayan moto, wato babur. Elhaji Amadou, mai sana'ar kafa famfon sola a ƙauyuka, dattijo mai faɗin kafaɗa da furfura a gemu. Ya durƙusa gaban tabarmar ya daɗe. Da ya tashi, Mu'azu ya nuna masa wurin da fentin ya ɓare. Elhaji ya dubi ƙarfen, ya dubi ƙasa, sannan ya ce sati uku da suka wuce ya kai motar garajin Harouna a sa mata sababbin rasor masu ƙarfi. Ashe tsofaffin aka shafa wa fenti aka mayar.

"Ku kama shi, Ajidan. Yaron nan amana na ba shi."

An binne Issoufou da la'asar. A daidai wannan lokaci aka kawo Harouna birgad, da baƙin mai a hannunsa. Doka ta ba Mu'azu kwana biyu ya yi bincike. Ranar Laraba da ƙarfe goma za a miƙa shi hannun alƙalai, daga can kuma gidan kaso.

Harouna siriri ne, bai kai arba'in ba. Bai yi rantsuwa ba, bai yi kuka ba. Ya zauna a benci ya ɗora hannuwa kan gwiwa. Abin da ya fara tambaya shi ne ko matarsa ta zo. Matar tasa, Balkisa, ƙanwar mamacin ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta zo ba, ba ta aiko ko da ruwa ba.

Mu'azu ya ajiye rasor ɗin kan tebur.

"Ka san wannan?"

"Na sani. Tsohon na motar Elhaji ne. Ni na cire shi da hannuna."

"Ka cire, ka shafa, ka mayar."

"Na cire, na sa a buhu, na ajiye a bayan motar. Haka ake yi. Tsohon kaya na mai mota ne, shi ne shaidar an canza."

"Elhaji ya ce bai ga buhu ba."

Harouna ya dubi rasor ɗin da ke kan tebur.

Sai da Mu'azu ya tambaye shi yadda aka yi aikin sannan bakinsa ya buɗe. Ya ce shekara biyu ke nan da aka ɗaga motar da dogayen rasor masu siririn ƙarfe, kaurin ɗan yatsa. In motar ba kaya, daɗin shiga gare ta. Amma da Elhaji ya ƙara shimfiɗar rufi da tankin mai na biyu, aka koma loda mata batura da siminti, sai bayanta ya zauna, ta dinga layi a kowace kwana. Doguwar mota, nauyi a sama, ƙasa kuma ba ƙarfi. Issoufou ya rantse ba zai ƙara shiga daji da ita ba sai an canza. Shi Harouna bai zaɓa da ka ba. Ya sa aka loda motar cif, ya auna da igiya daga tsakiyar taya zuwa bakin jikin mota, aka sauke ya sake aunawa. Sannan suka je Zongo wurin Maman mai kayan mota, ya ɗauki mafi kauri cikin iri uku, kaurin babban yatsa. Da ya ɗaura su, bayan motar ya tashi da yatsu huɗu.

"Wa ya ga ka ɗaura?"

"Issoufou."

"Sai wa?"

"Shi kaɗai."

Mu'azu ya rufe littafinsa. Shaidar mutumin guda ce, kuma tana ƙarƙashin ƙasa.

Ranar Talata da safe ya haye gada zuwa Zongo. Shagon Maman ɗan lungu ne, ƙarafa sun cika shi har rufi, mai shi kuma gajere ne mai yawan magana. Ya karɓi rasor ɗin ya juya shi sau ɗaya, ya ce in har daga shagonsa wannan ya fito, to shi ma daga wata uwa ya fito. Ya ɗauko sabo, shi ma rawaya, ya miƙa wa Mu'azu ƙusa ya ce ya karce. Ƙusar ta zame, fentin ko gezau. Na kamfani da wuta ake gasa shi, in ji Maman, wannan kuwa fentin gwangwani ne na fesa ƙofa. Ya nuna masa gindin tsohon, inda mazauninsa ya ci ƙarfen ya yi sulɓi. Cin shekaru ne, ba na sati uku ba.

Wannan ya fitar da Maman. Ƙarfen da ya kashe Issoufou bai taɓa shiga shagonsa ba.

Mu'azu ya tambaye shi ko sababbin sun dawo kasuwa. Maman ya girgiza kai. Saiti biyu kacal na irin su suka shigo Yamai bana: wanda Harouna ya saya, da wannan da ke hannun Ajidan. Da wani ya zo tallar ɗayar, kafin azahar duk Zongo ta ji.

"Na ma faɗa musu," in ji shi. "Na ce wannan na kaya ne. In mota ba kaya, haƙoranka na sama da na ƙasa sai sun gaisa a kowane rami. Marigayi ya yi dariya, ya ce gara haƙora da wuya." Ya ɗan tsaya. "Abin da ya ba ni mamaki, Elhaji Amadou ne za a yi wa wannan? Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kwana ƙarƙashin motocin Agadas yana gyara kafin ya yi arziki?"

Mu'azu ya buɗe littafinsa. Ya rubuta.

Da ya koma, ya sa aka bincike garajin Harouna da gidansa. Babu sababbin rasor, babu fentin rawaya. Shugaban birgad ya ce wannan ba komai ba ne, ɓarawo ba ya ajiye kaya a ɗakinsa. Ya ce takardu sun cika, a rufe. Mu'azu ya ce yana da sauran yini ɗaya.

Akwai wani tunani da ya dame shi: ko Issoufou da kansa ya cire ya sayar. Direbobi kan yi. Amma wanda ya rantse ba zai hau mota ba saboda ƙarfe, ba zai mayar da ƙarfen nan da hannunsa ba, ya loda siminti a kai, ya hau. Duk da haka ya tafi gidan makoki bayan la'asar.

Maza na zaune a ƙofar gida kan tabarmi. A ciki, wata matashiya mai jan ido ta gan shi da kaki, ta juya baya ta shige kicin. Aka ce masa Balkisa ce. Matar mamacin, Hajara, ta yi magana daga bayan labule, muryarta a dushe. Mu'azu ya yi mata ta'aziyya, sannan ya roƙe ta ta tuna duk abin da mijinta ya faɗa game da motar, ko da abin dariya ne.

Ta ce ranar da aka gyara ta ya dawo yana dariya. Wai motar ta yi girman kai, ta ƙi shiga rumfar gidan Elhaji. Ya zo zai shiga da ita kamar kullum, kanta ya daki ƙarfen rumfar, har maigadi ya zubar da shayinsa. Daga ranar a waje take kwana.

"Bayan nan fa?"

"Satin da ya wuce ya ce ta sake zama. Ya yi wa Elhaji magana, Elhaji ya ce haka sabon ƙarfe yake, sai ya kwanta. Ya leƙa ƙasa ya ga suna nan rawaya, ya ce tunda Harouna ne ya ɗaura, shi ba ya da shakka."

Daga kicin aka ji wani kwano ya faɗi.

Laraba da ƙarfe bakwai Mu'azu ya shiga Kirkissoye da motar birgad, shi da jandarma ɗaya. An yi ruwa da asuba. Layin gidan Elhaji ya zama tafki, ramuka a ɓoye ƙarƙashin jan ruwa. Taksi ba ta shiga nan da damina. Ko moto sai an sauka an tura.

Maigadin, Baba Sulaiman, tsohon Bazabarme ne, hannunsa na hagu ya shanye. Ya ce fofo, gaisuwarsu ta Zabarmanci, ya buɗe ƙofa. Mu'azu ya dubi hannun sau ɗaya ya cire shi daga lissafi. Mai hannu ɗaya ba ya sauke ƙafar kat-kat.

Rumfar tana hannun dama, ta kwano, ƙasanta siminti da aka baza wa yashi. Ƙarfen da ya gitta bakinta ya lanƙwashe a tsakiya, da sabon karce da bai yi tsatsa sosai ba. Mu'azu ya miƙa hannu ya taɓa. Sannan ya shiga ciki. A kan yashin akwai sawun manyan tayoyi har ƙurya, da ɗigon baƙin mai da bai bushe ba.

"Baba, kwana nawa motar ta yi a waje?"

"Tara."

"Sannan?"

"Sannan ta shiga."

"An ɗaga rumfar ne?"

"A'a."

"To me ya faru ranar ta goma?"

Tsohon ya ce ranar Lahadi ce, direba ba ya zuwa. Elhaji ya aike shi Say ya kai saƙo, bai dawo ba sai magariba. Ya tarar da motar a cikin rumfa, an baza sabon yashi. Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma bai so ya sani fiye da haka ba.

Mu'azu ya karɓi tsintsiya ya fara share yashin daga ƙurya. A gindin bango suka fito: zobe biyu a kan siminti, kowanne faɗin faranti, rawayan feshi ya kewaye su. Ya ɗauko tsohon rasor daga mota ya tsayar da shi a kan ɗaya. Ya zauna daram.

"Ɗana, kai ne mai taksin?"

Ya juya. A baranda wata mata ce zaune a kujera, ta yi shirin fita, mayafi da jaka a cinya. Fuskarta ta kumbura, ƙafafunta sun fi ƙarfin takalmi. Hajiya Aminatu, matar Elhaji. Baba Sulaiman ya raɗa masa cewa wankin ƙoda ake mata sau uku a sati, yau ma ranarta ce. Mu'azu ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce a'a, shi jandarma ne, ya zo kan maganar hatsarin. Ta yi wa Issoufou addu'a, hawaye na zuba. Ta ce yaron kirki ne, in zai kai ta likita kamar ƙwai ya ɗauko. Ko lokacin da motar ta yi tauri, kowane rami ta ji shi har cikin ƙashinta, ta dawo gida ta kwana amai, haƙuri yake ta ba ta kamar shi ya yi laifin.

"Daga baya ta daina taurin, Hajiya?"

"Ta daina. Elhaji ya duba ta."

Elhaji Amadou na tsaye a ƙofar falo. Bai ji farkon maganar ba, amma ya ga yashin da aka share. Ya ce wa matarsa ta shiga ciki iska ta yi sanyi. Ta ce in ta tashi ba ta iya sake zama. Sai ya tako zuwa rumfar da kansa, ya tsaya inda ba za ta ji su ba.

Mu'azu bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara biyu motar nan tana shiga rumfar nan lafiya. Ranar da ta fito daga garajin Harouna ta daki ƙarfe. Da tsofaffi Harouna ya shafa ya mayar, da ta shige kamar kullum. Ta daki ƙarfe ne don ta tashi da yatsu huɗu, kuma ba abin da zai ɗaga ta sai sababbi. Wato Harouna ya yi aikinsa. Bayan kwana tara ta sake shiga, ba a ɗaga rumfa ba, wato an sauke ta. Ranar da aka sauke ta direba ba ya nan, an aiki maigadi, kuma a gidan nan mutum ɗaya ne ya san kan ƙarfe. Tsofaffin suna hannunsa tun ranar gyara, cikin buhu, kamar yadda ake ba kowane mai mota. Ga inda aka tsayar da su aka fesa.

"Ina sababbin, Elhaji?"

Dattijon ya daɗe yana kallon zoben biyu. Sannan ya cire mabuɗi daga aljihu ya buɗe ɗakin ajiya. Suna bayan buhunan siminti, naɗe cikin tsohon bargo, an shafa musu mai don kada su yi tsatsa.

"Na ce in ta ji sauƙi in mayar," in ji shi. "Ka ga layin nan. Motar nan kaɗai ke iya fitar da ita. Sau uku a sati. Tana cizon mayafi don kada in ji. Ni ba zan iya cirewa da mayarwa kowace tafiya ba, shekaruna sittin da uku. Na ce tafiya ɗaya ce, Say ce, ba nisa. Na ce masa ya bi a hankali."

"Wannan na gane shi. Motarka ce, ka sa mata abin da ka ga dama. Fentin fa?"

Elhaji ya kawar da kai.

"Hajiya ba ta leƙa ƙarƙashin mota. Don wa aka yi fentin?"

"Da ya gan su baƙi, ba zai hau ba."

"Shi ke nan. Kuma ranar Litinin, gawarsa na gabanka, ka ce a kama Harouna."

"Na ji tsoro, Ajidan. In aka rufe ni, wa zai kai ta?"

Mu'azu ya mayar da bargon kan ƙarafan. Ya sa jandarman ya ɗauki rasor ɗin duka, ya ɗauki hoton siminti da na ƙarfen rumfa. Taksin Hajiya ta tsaya can bakin gudro, inda kwalta ta ƙare, ta ƙi shigowa. Sai suka ɗauke ta da kujerarta suka sa ta a gaban motar birgad, Elhaji a baya tare da jandarman da ƙarafan. An gaya mata za a ɗauki bayaninsa ne kawai. Motar birgad tauri gare ta kamar amalanke. Mu'azu ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, a giya ta farko. Duk da haka a kowanne sai matar ta runtse ido ta kai mayafi baki, kuma a kowanne sai ya ji tafin Elhaji a kan gilashin baya, yana bugawa a hankali.

Ƙarfe goma saura aka buɗe wa Harouna. Mu'azu ya mayar masa da ɗamararsa da wayarsa, ya faɗa masa yadda aka yi a taƙaice. Ya ce ya riga ya aika gidan makoki. Ya zaci Harouna zai yi hamdala, ko ya zagi Elhaji. Harouna ya tsaya gaban tebur yana kallon rasor ɗin da aka jera, masu kauri biyu, siriri ɗaya da fenti na ɓarewa. Ya auna su da ido.

"Ko makaho ya taɓa zai san ba ɗaya ba ne," in ji shi. "Issoufou ya san ƙarfe. Bai taɓa ba ne kawai."

"Me ya hana shi?"

"Ni. Ranar da na ɗaura su na ce masa, in dai ka leƙa ka ga rawayan nan, loda abin da kake so, ba za ta kayar da kai ba."

Ya fita. An fara yayyafi. A bakin ƙofar birgad Balkisa na tsaye da kwanon abinci ɗaure a ƙyalle, mayafinta ya jiƙe. Ta miƙa masa. Ya karɓi kwanon, suka bi gefen gudro zuwa gidan makoki, tana gaba yana baya. Yau ne sadakar uku.